Yaron da ya daina jin ƙishirwa

A ɗakin shan maganin da nake aiki a Garwa, iyaye mata kan kawo samari da kuka iri ɗaya: ciwon kai, wuya ya sandare, ido ya yi ja. Sai uwa ta ce, "Malam, awa nawa ya kamata ya yi a kan wayar nan?" Aiki ya koya mini cewa ƙirgen awa ba ya kai mutum ga tushen ciwon. Wani yakan wuni yana buga Free Fire, wasan harbi na waya, ranar Lahadi, amma da ya ji ƙamshin miya zai ajiye. Wanda ke tayar mini da hankali shi ne wanda jikinsa ke kira, shi kuwa ba ya ji.

A watan Afrilu zafin garin nan kan haura digiri 40. Ga yaro cikin ɗaki mai rufin kwano, waya a jikin caji ta ɗau zafi a tafinsa, leɓɓa sun tsattsage, yana matse fitsari don wasan intanet ba a dakatar da shi. Ka tashi, a harbe ka, abokan wasa su zage ka. Na tambayi wani, "Ɗana, yaushe rabonka da ruwa?" Ya daɗe yana lissafi. Fitsarin da ya kawo kamar shayi.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasannin bidiyo cikin kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022. Ita ma ba ta yanka awa ba. Abin dubawa shi ne kasa tsayawa, fifita wasa kan sauran lamuran rayuwa, da ci gaba duk da ɓarnar da ake gani, galibi tsawon wata 12.

Ƙwace waya ba ya jimawa, gobe zai ari ta yayansa. Nakan ce masa duk ƙarshen zagaye ya kifa wayar, ya miƙe, ya saurari maƙogwaro, ciki da wuya kafin ya sake shiga. Wasu a nan suke gano yunwa. Wasu kuwa abin da ke fitowa nauyin ƙirji ne da faɗuwar gaba, na jarrabawa ko rigimar gida, wanda da ma wasan ke danne musu. Irin waɗannan nakan roƙi Hajiya ta ɗan jira a waje, mu yi magana mu biyu.