Ranar da aka kira ni likita

Lokacin da nake tattara bayanai a kan rayuwar mata masu lalurar yoyon fitsari a wata cibiyar jinya a Kano, na ɗauka neman amincewa bai wuce in karanta takarda, mace ta dangwala yatsa, mu shiga hira ba. Kwamitin ɗa'ar bincike ya duba takardar, an mayar da ita Hausa, kuma duk wadda na karanta wa takan sunkuyar da kai ta ce "to".

Wata dattijuwa da ta rako 'yarta ce ta farkar da ni. Tawada ba ta bushe a yatsan 'yar ba, sai uwar ta kama gefen mayafina, ta rage murya ta ce, "Likita, tunda mun sa hannu, yaushe za a yi mata aikin?" Jikina ya yi sanyi. Na ce, "Inna, ni ba likita ba ce." Ashe sun ɗauka hirar sharaɗi ce ta samun tiyata, alhali tambayoyina sun shafi doguwar naƙuda, da ɗan da bai zo da rai ba, da mijin da ya juya baya, abubuwan da mace ba ta buɗe wa baƙuwa sai da ganin damarta. A garin da har yau ake tuna gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wanda aka yi zargin ba a nemi amincewar iyayensu yadda ya kamata ba, bai kamata in yi wannan sakacin ba.

Daga ranar na fitar da hirar daga ɗakin jinya zuwa inuwar wani dalbejiya, inda ma'aikatan jinya ba sa jin mu. Nakan fara da cewa ƙin magana da ni ba zai taɓa layin tiyatar kowa ba, sannan in roƙi mace ta maimaita mini abin da ta fahimta da bakinta, domin "to" ɗin kunya da kara daban yake da na yarda. Izinin miji ko na uwa ina girmama shi, amma ba ya tsaya wa nata. Naɗar murya kuma sai na sake neman izini a kanta daban.

Waccan takardar na yage ta a gaban dattijuwar da 'yarta, na ce su kwana su yi shawara. Washegari 'yar ta ce ba ta son hirar, na yi mata godiya, kuma da layinta ya zo aka yi mata aikinta.