Ranar da Baffa ya kasa kawo sunan dabbobi 15

Na daɗe ina son rubuta wannan abun sai in yi ta ɗagawa, yau dai na ce bari in zauna in yi shi ko wani zai amfana, musamman masu jinyar mai ciwon hanta a gida don na san ba mu kaɗai ba ne.

Baffa ƙanin babanmu ne, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, ya haura shekara 30 a harkar. Irin mutanen nan ne da idan ana ciniki yaransa suna danna kalkuleta shi ya riga ya faɗi amsa, buhu kaza a kan kuɗi kaza, a cire na dako da na lodi da la'ada, kafin ka buɗe baki ya gama kuma ko kwabo ba zai kuskure ba. Bai yi boko ba, allo ya yi, amma wallahi ni da na yi jami'a ba na ja da shi a lissafi.

Kamar shekara biyu da suka wuce ƙafafunsa suka fara kumbura, ciki ma ya ɗan tasa, aka je asibiti aka yi gwajin jini da hoton ciki, sakamako ya fito wai ƙwayar hefataitis B ce ta daɗe a jikinsa ba a sani ba har hantar ta taurare ta yi tabo, abin da likitoci ke kira sirosis. Wannan ba sabon labari ba ne a ƙasar nan, babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar, kuma yawancinsu ba su ma sani ba. Aka ɗora shi a kan tenofobir, maganin da ke danne ƙwayar, da maganin rage ruwan jiki, kumburi ya sauka, ya koma kasuwa, mu kuma muka ce alhamdulillahi an wuce wajen.

Toh sai lokacin kaka ya zo, lokacin da kasuwa ke cika, sai yaronsa na shago ya kira ni a waya murya ƙasa-ƙasa wai Alhaji ya biya wani mutum kuɗin masara sau biyu, da aka nuna masa sai ya yi shiru ya ce gajiya ce. Bayan sati biyu kuma ya ba wani canji ya wuce ƙa'ida. Hajiya matarsa ita kuma ƙorafinta daban, wai da rana yana zaune a rumfa sai gyangyaɗi, da dare kuma ido biyu har asuba, ya kunna rediyo ya kashe, ya fita tsakar gida ya dawo. Sai kuma ranar da ya daki bayan wata adaidaita sahu da mashin ɗinsa a shataletale, ba gudu yake ba, kawai dai bai taka birki da wuri ba, mutumin da ya fi shekara 20 yana hawa mashin ko ƙwarzane bai taɓa yi ba.

Abin da ya ruɗe mu shi ne in ka zauna da shi ba za ka ga komai ba. Yana gaisawa daidai, ya san kowa, yana jan sallah a masallacin layinsu in liman ba ya nan, yana ba'a da jikoki. Don haka kowa ya kawo tasa fassarar, wani ya ce tsufa ne, wani ya ce tunanin bashin da yake bin mutane ne, goggonmu kuwa ta rantse hannu aka sa masa a kasuwa, aka kawo rubutu da turare. Ni ban hana ba, addu'a ai ba ta ɓaci, amma ko sau ɗaya babu wanda ya kawo a ransa cewa hantar nan ce dai, ni ma har da ni, don wa zai haɗa hanta da kuskuren canji.

Ranar komawarsa asibiti ni na kai su shi da Hajiya. Likitar wata matashiya ce, ta duba ido, ta danna ciki, sai ta ce, “Baba yaya barci?” Ya ce, “Lafiya lau 'yata, sai godiya.” Hajiya ta gyara zama ta ce, “Likita ki yi haƙuri, ba haka ba ne,” ta kwashe komai ta faɗa har da maganar mashin, Baffa yana ta harararta. Likita ta ajiye biro. Ta tambaye shi yau wace rana ce, ina muke, ya amsa daidai har da dariya. Ta ce ya miƙa hannuwansa gaba ya ɗaga tafin kamar mai tsayar da mota, ta tsura wa yatsun ido na ɗan lokaci, ba su karkaɗa ba. Daga baya ta yi min bayani wai in da hannun yana faɗuwa yana tashi kamar fiffiken tsuntsu to abin ya riga ya fito fili ke nan.

Sai ta ɗauko wayarta ta saita agogo ta ce, “Baba zan ba ka minti ɗaya, ka faɗo min sunayen dabbobi iya yawan da za ka iya, na gida da na daji duka.” Baffa ya kalle ni kamar ya ce wannan wane irin wasan yara ne. Ya fara da ƙarfinsa, saniya, akuya, tunkiya, jaki, doki, raƙumi, kaza. Sai ya tsaya. Ya ce kare. Ya sake yin shiru yana kallon silin, ya ce akuya, likita ta ce an faɗe ta Baba, ya ce toh... kura. Agogo ya buga. Tara ke nan. Mutumin da a ƙauye ya tashi, wanda da bakinsa yake ba mu labarin farautar gada da zomo da yadda ake haƙo gafiya, shi ne zaki ma bai zo masa ba. Na ga yadda fuskarsa ta canza, ni ma sai na sunkuyar da kai na yi kamar ina duba waya.

Bayanin da ta yi mana, wanda daga baya na je na ƙara karantawa, ga shi a taƙaice yadda na fahimta. Duk abin da muka ci, jinin da ya kwaso shi daga hanji sai ya fara bi ta hanta a tace kafin ya zagaya sauran jiki. A cikin hanji akwai ƙwayoyin bakteriya da ke fitar da wani sinadari mai suna amoniya, lafiyayyar hanta tana juya shi ya koma yuriya, ƙoda ta fitar da shi a fitsari, shi ke nan. Amma in hanta ta taurare, ga ta ba ƙarfi, ga jini ya kasa ratsa ta sai ya nemi ɓarauniyar hanya ya zagaye, amoniyar ta tafi kai tsaye har ƙwaƙwalwa. A can akwai wasu ƙwayoyin halitta masu yi wa jijiyoyi hidima, su ne ke tsotse ta su mai da ita wani sinadari mai suna gulutamin, sai su ɗan kumbura, saƙonni su riƙa tafiya a hankali kamar intanet ɗin da ba sabis sosai. Mutum bai haukace ba, bai manta sunansa ba, amma mai da hankali da saurin yanke shawara da haɗa ido da hannu duk sun ragu. Daidai abubuwan da ɗan kasuwa da mai tuƙi ke ci da su.

Likitoci sun kasa wannan matsala hawa-hawa, daga wadda ba a gani sai da gwaji, zuwa ruɗewa da rashin sanin rana, zuwa barci mai nauyi, har zuwa doguwar suma. Ta Baffa tana can ƙasa, ɓoyayyiya, kuma ba ƙaramin adadi na masu sirosis ke da ita ba, bincike daban-daban sun samu daga kashi 20 har zuwa 80 cikin 100, ya danganta da irin gwajin da aka yi da kuma yadda ciwon ya yi nisa. Kuma wanda yake da ɓoyayyiyar ya fi saurin faɗawa cikin ta fili.

Wannan gwajin dabbobin da na raina ashe ba ƙirƙirar likitarmu ba ce, wasu likitoci a Padoba ta ƙasar Italiya suka gwada shi a kan masu sirosis suka wallafa a 2017, suka ce wanda ya kasa kai 15 a duba shi da kyau, wanda bai kai 10 ba kuwa abin ya fi ƙarfi, sannan ana yi wa wanda bai yi karatu mai nisa ba ɗan ƙari a maki. Akwai wasu gwaje-gwajen da suka fi shi zurfi. Akwai na takarda da fensir guda 5 da aka tsara a Hanoba ta Jamus, ciki har da haɗa lambobi 1 zuwa 25 da layi ana duba agogo, da bin wata karkatacciyar hanya da fensir ba tare da ka taɓa gefe ba. Akwai manhajar waya EncephalApp da Dakta Jasmohan Bajaj da abokan aikinsa suka fitar a Amurka. Amma ka duba mutum irin Baffa, wanda a ɗaya daga gwajin takardar sai ya bi 1, A, 2, B, ai ko lafiyarsa ƙalau zai faɗi, shi ya sa ma likitocin Chandigar a Indiya suka yi nasu da zane-zane a madadin haruffa saboda marasa boko. Ni a ganina na dabbobin nan shi ya fi dacewa da mu, ba kuɗi, ba wutar lantarki, da Hausa ake yi. Likitar dai ta ja kunnena cewa lambar ba hukunci ba ce, sai an haɗa da labarin da 'yan gida suka bayar, a kuma tabbatar ba sukari ne ya faɗi ba ko wani magani ne ke sa shi maye. Ko gwajin amoniya a jini ma ta ce shi kaɗai ba ya yanke magana.

Magani kuma sai ya ba ni mamaki don na zaci wata allura ce mai tsada. Laktulos ne, ruwan nan mai zaƙi da kauri da ake ba masu taurin bayan gida. Jiki ba ya narkar da shi, sai ya isa babban hanji bakteriya su mai da shi tsami, tsamin ya kama amoniya ya hana ta shiga jini, a fitar da ita a bayan gida. Ma'auninsa ba a cokali yake ba, a ban ɗaki yake, ana so mutum ya fita sau 2 zuwa 3 a rana mai laushi, in ya zama zawo an zarce sai a rage don bushewar jiki ita ma tana tayar da ciwon. A Chandigar ɗin nan aka yi wani bincike da ya fito a 2007, waɗanda aka ba laktulos wata 3 suka fi yin kyau a gwajin ƙwaƙwalwa da kuma jin daɗin rayuwarsu. Akwai wani kuma rifaksimin, maganin ƙwayoyin cuta ne da ke tsayawa a hanji, an fi ƙara shi ga wanda ruɗewar ta fito fili tana dawowa, ga tsada, mu dai ba a rubuta mana shi ba.

Satin farko an sha daru, ciki na ƙugi, iska, Baffa ya ce shi ba zai zauna cikin mutane a rumfa alwalarsa na karyewa kowane lokaci ba, har ya ɓoye kwalbar a bayan buhu. Sai da Hajiya ta koma ita ke aunawa da murfin ta tsaya a kansa ya shanye.

Inda muka fi yin kuskure a gida kuwa abinci ne. Tunda aka ce hanta, sai aka bi abin da aka saba yi wa mai shawara, ba nama, ba ƙwai, ba mai, sai kunu da rake da ganye, mutum ya rame hannuwa kamar sillen kara muna ganin gata muke masa. Likita ta kama baki. Ta ce tsokar jiki ita ma tana taimakawa wajen kwashe amoniya, in ta zube an rasa mataimaki, mai sirosis yana buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, gram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, kuma kada ya daɗe da yunwa, ya ci kaɗan-kaɗan sau da yawa sannan ya ɗan taɓa wani abu kafin ya kwanta. Aka dawo da wake, alale, ƙosai, awara, nono, ƙwai, kifi, gishiri ne dai aka rage saboda kumburi. Ta kuma hana shi duk wani maganin barci da taramol da jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba, ta ce in muka ga baƙin bayan gida kamar kwalta, ko aman jini, ko zazzaɓi, ko ya kwana biyu bai fita ba, ko ya fara magana ba kan gado, kada mu jira ranar asibiti. Maganar azumi ma ta ce a zo a zauna da ita kafin watan ya kama.

Mashin shi ne rigimar da har yau ba ta mutu ba. Makullin yana cikin jakar Hajiya, ƙaramin ɗansa ke kai shi kasuwa ya ɗauko shi, shi kuma kullum sai ya yi mita wai an mai da shi kaya.

Bayan kamar wata biyu barcin dare ya fara dawowa, yaron shago ya ce lissafi ya daidaita duk da yanzu Alhaji ya yarda a riƙa rubutawa a littafi. Da muka koma asibiti likita ta sake saita agogo, wannan karon Baffa ya zo da shirinsa, ya zubo su har da bushiya da dila da kunkuru da dorina, ta ƙirga 16. Ya ce a'a 17 ne 'yata, ta ce Baba zabo da zabuwa ai ɗaya ne, ya ce a wace kasuwar, je ki tambayi kuɗinsu ki ji.