Abin da na koya daga buɗe shafin zawarcin 'yan ƙwallon kwando na sakandare

Lokacin da muka buɗe shafin intanet na biyan kuɗi wata-wata kan yadda jami'o'in Amurka ke zawarcin 'yan ƙwallon kwando na sakandare, tambaya ɗaya ce a bakin kowa: wa zai biya ku? Ga manyan shafuka na wannan harka: Rivals na nan tun 1998, 247Sports ya zo a 2010, On3 a 2021, ga kuma ESPN. Su ke raba wa yara taurari gwargwadon ƙwarewarsu, kuma yaron da suka ba biyar, labarinsa kyauta ne a ko'ina kafin gari ya waye.

Amsar da aikin ya ba ni ita ce, kasuwarmu tana wajen yaran da ba su cikin waɗancan jerin. Samari sama da dubu 500 ke buga wa sakandarensu ƙwallon kwando a Amurka, kuma kusan ɗaya cikin ɗari ne kawai ke samun shiga rukunin farko na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in ƙasar. Manyan shafuka suna kallon ƙasa baki ɗaya, don haka ba su da lokacin yaron wani ƙaramin gari. Mu muka tsaya kan jihar Jojiya kaɗai. Kocin ƙaramar jami'a, wanda ba shi da kuɗin yawo jiha-jiha, yana neman wanda ya ga yaro da idonsa, ya san ainihin tsawonsa, domin a takardar ƙungiya sau da yawa ana ɗan ƙara wa yara tsayi.

Ido kuwa sai da zama a fili. A watan Yuli ake buga Peach Jam, wasan ƙarshe na gasar matasa ta EYBL da kamfanin Nike ke shiryawa, a North Augusta da ke Karolina ta Kudu, tsallaken kogi daga Jojiya. Za ka tarar da koci-koci jere a gefen fili, kowa da tambarin jami'arsa a ƙirji don yaro ya gan shi, tunda doka ba ta bari su yi hira da shi a wurin. Zama kusa da su ne ya koya min kallon wasa. 'Yan kallo na ihu idan an zura ƙwallo, su kuwa biro nasu na motsi ne lokacin da yaro ya yar da ƙwallo: ya ruga ya koma tsaron gida, ko ya tsaya yana ɗaga wa alƙali hannu? Suna kuma duba yadda yake zama a benci idan an cire shi. Irin wannan bayanin ne mutum ke biyan kuɗi ya karanta, don gajeren bidiyon da aka tsinto wuraren burgewa ba ya nuna shi.

Darasin da ya fi nauyi a wurina na iyaye ne. Su ne mafi yawan masu biya, kuma zuciyarsu na kan ɗa guda. Wani uba ya taɓa tare ni bayan wasa, cikin ladabi sosai, ya ce, “Nawa zan ƙara a kan kuɗin wata a ɗaga yarona a jerinku?” Na san abin da ya kashe a kuɗin mota da otal a bazarar nan, kuma na tausaya masa har raina. Amma na ce masa babu wannan a wurinmu. Ranar da koci ya gane ana sayen matsayi, ya daina buɗe shafin, kuma duk yaran da muka rubuta da gaskiya sun yi asara tare da mu. Haka nan nake tuna wa kaina cewa ɗan shekara 16 nake rubutu a kansa. Zan faɗi cewa hannunsa na hagu na buƙatar aiki, amma ba zan kira shi rago a inda abokan ajinsa za su karanta ba.

Kuɗin shafi kuma da lokacinsa, kamar damina da rani. Rajista na ƙaruwa a tsakiyar Yuni, saboda daga ranar 15 ga wata ne koci ke da izinin kiran yaron da ya gama shekara ta biyu cikin huɗu na sakandaren Amurka, sai kuma Nuwamba lokacin da yara ke fara sa hannu da jami'o'i. Da zarar yaro ya samu gurbi, iyayensa sun tafi.

Harkar kanta ma ta canza. An buɗe kundin sauya sheƙa na NCAA, inda ake sa sunan ɗan wasan da ke son canza jami'a, a 2018, a 2021 kuma aka bar ɗan wasa ya koma wata jami'a ya buga nan take. Koci da yawa yanzu sun fi son wanda ya riga ya goge a jami'a a kan ɗan sakandare. Shi ya sa muka ƙara rubutu kan rukuni na biyu da kwalejojin shekara biyu, kuma kafin mu tambayi yaro maki nawa ya ci a fili, sai mun tambayi na aji. Rukunin farko na buƙatar darussa 16 da aka ƙayyade da matsakaicin maki (GPA) na aƙalla 2.3 cikin 4, kuma iyaye da dama a shafinmu suka fara jin haka.