An ɗauke wuta ina cikin ɗakin saba

Yau a ɗakin saba, wato manyan kwamfutocin da ke ajiye bayanai da sarrafa su, ina durƙushe bayan rak, kantar ƙarfen da ake jera su a ciki, ina jona wayar faiba mai ɗaukar bayanai, iska mai zafi na dukan fuskata, kawai aka ɗauke wuta. Wallahi sai da gabana ya faɗi, amma korayen fitilun nan na jikin sabobin ko ƙyaftawa basu yi ba, batiran UPS, na'urar da ke ci gaba da bada wuta in an ɗauke, suka riƙe komai, ni dai ina ta ƙirge a zuci har janareta ya tashi. Oga ya dafa kafaɗata yace kwantar da hankalinka, ai shi yasa kowace saba layin wuta biyu gareta, in ɗaya ya mutu ɗayan na nan.

Tun ɗazu nake tunanin ƙila a daidai lokacin wani na tura kuɗin magani ta waya, suka bi ta irin waɗannan sabobin, kuma suka shiga lafiya lau.