Wankin faifan garmaho a zafin Damagaram

Injin wanke faifai da girgizar sauti yakan zo da abin ɗumama ruwa. Ni dai tun da na fara wanke faifan da Kawu ya bar mini a tsohon gidanmu na Birni, ban taɓa wannan maɓalli ba sai a tsakiyar hunturu. Damuwarmu a nan ita ce yadda ruwan zai zauna bai yi zafi ba.

Nawa mai cin lita 6 ne, yana girgiza ruwa sau 40,000 a daƙiƙa. Girgizar ce ke haifar da ƙananan kumfa da ido ba ya gani, suna fashewa a cikin layukan faifan, suna fizgo ƙurar da buroshi ba ya kaiwa. Ruwa mai ɗumi ya fi saurin narkar da maiƙon yatsu, shi ya sa masu wannan aiki ke son digiri 30 zuwa 35. Amma faifai roba ce, zafi na lanƙwasa ta. Ga shi rabinsa ne a ruwa, rabi a iska, yana juyawa sannu a hankali. Idan ruwan ya haura 40, za ka ga bakin faifan ya fara rawa kamar tayar keken da ta bugu da dutse. Na ga haka da idona a kan wani siririn faifai, na ciro shi nan take, da ya huce ya miƙe. Ba kowanne ke miƙewa ba.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, injin da kansa yana ɗumama ruwa ko da abin ɗumamar a kashe yake. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin ke wuce 40 a inuwa, jarkar ruwan da ta yini a ɗaki ta riga ta kai iyaka tun kafin a kunna komai. Don haka da asuba nake aiki. Jarkar kuma cikin randa take kwana. Ina tsoma ma'aunin zafi nawa daban a tsakiyar ruwan, domin lambar da injin ke nunawa ba kullum take daidai ba. Da ya kai 35 sai in kashe, in sha shayi, in jira.

Ruwan famfo ko na rijiya yana barin farin tabo idan ya bushe, kuma allurar garmaho tana jin sa. Tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir nake saye. Nakan ce wa mai shagon, "Alhaji, wanda ba asid nake so, ba mota zan zuba wa ba." Sabon ruwa kuma yana ɗauke da iska mai rage ƙarfin kumfar, sai in bar injin ya yi minti 10 ba faifai.

A Disamba da Janairu kam ruwan asuba kan yi sanyi sosai, nan nake ɗumama shi zuwa 30, in kashe kafin in sa faifan. Shanyawa a ɗaki rufe nake yi, saboda ƙurar hunturu tana manne wa jiƙaƙƙen faifai.