Katin bashi mai tukuici: yadda ake aiki da shi a Yamai ba a yi asara ba

Duk lokacin da banki ya fito da sabon kati mai tukuici, abin da ake rubutawa da manyan haruffa shi ne makin da za ka tara ko kuɗin da za a maido maka. Abin da zai nuna ko katin ya amfane ka kuwa yana cikin takardar yarjejeniya, wadda yawanci ake miƙo maka a gishe da Faransanci kana sauri ka sa hannu. Kafin ka sa hannun, ka tambayi ma'aikacin banki irin katin. Yawancin katunan da ke aljihun mutane a Nijar suna cire kuɗi ne daga asusu nan take, ko kuma irin waɗanda ake zuba musu kuɗi tukuna. Akwai wanda yake tara sayayyarka ya cire gaba ɗaya a ƙarshen wata. Katin bashi na ainihi shi ne wanda banki yake biya maka, kuma ya ba ka damar biyan wani ɓangare ka bar saura, ruwa na hawa a kan sauran. Wannan na ƙarshen ne yake buƙatar lissafi.

A ce katin yana maido maka 1 cikin 100 na abin da ka saya, kuɗin riƙe shi kuma jika 30 ne a shekara. Sai ka kashe sefa miliyan 3 da katin cikin shekara, wato jika 250 kowane wata, kafin tukuicin ya rufe kuɗin katin kawai. Ka sa alƙaluman bankinka a madadin waɗannan ka sake bugawa. Sannan ka tambayi kanka nawa ne cikin kashe-kashenka yake bi ta wurin da ke da na'urar TPE, wato na'urar biya da kati. Mai nama a kasuwar Wadata ba ya karɓar kati, haka mai hatsi a Katako, da ɗan taksi, da mai shayi. Cefanen gida kusan duka da tsabar kuɗi ake yin shi ko ta waya. Inda kati yake shiga shi ne manyan kantuna, wasu farmasi, wasu gidajen mai, otal, kamfanonin jirgin sama da sayayya ta intanet. Wanda yake sayen tikitin jirgi ko yake odar kaya daga waje zai iya cike lissafin. Ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa a kasuwa da haya da kuɗin makaranta, a ganina katin da ba shi da tsadar shekara ya fi masa.

Ranaku biyu ne ya kamata su zauna maka a ka: ranar da banki yake rufe lissafin wata, da ranar ƙarshe ta biya. A ce ana rufewa ran 25, ana biya ran 10 ga wata mai zuwa. Abin da ka saya ran 24 ga Maris za ka biya ran 10 ga Afrilu, kwana 17 ke nan. Abin da ka saya ran 26 ga Maris ya faɗa lissafin gaba, sai 10 ga Mayu, kwana 45. Babbar sayayya, kamar firiji ko tikiti, gara a yi ta bayan rufe lissafi. Kuma ka nemi a daidaita ranar biya ta faɗo bayan shigar albashi da ƴan kwanaki, saboda idan albashi ya yi jinkiri aka zo cirewa babu kuɗi a asusu, tarar jinkiri ce za ta hau, ga ruwa.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne mafi ƙarancin biya da ake rubutawa a takardar wata. Biyan shi yana hana a ce ka ƙi biya, amma sauran bashin yana nan yana haihuwa. A farkon 2014 iyakar ruwan da banki zai iya ɗorawa a ƙasashen UEMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta sauka daga 18 zuwa 15 cikin 100 a shekara. Mu ɗauki 15 ɗin, wanda ya kama 1.25 cikin 100 a wata. Ka sayi kayan jika 200, aka ba ka tukuicin jika 2. Ka bar bashin wata ɗaya, ruwan ya kai sefa 2,500. Tukuicin ya tafi har ka ƙara daga aljihu. Don haka ka sa hannu a cire dukan bashin kai tsaye daga asusunka kowane wata. Ka kuma tuna cewa bankunan yankin suna aika bayanin masu bashi zuwa ofishin tattara tarihin bashi, jinkirin yau zai iya fitowa ranar da ka je neman bashin gini.

Maganar ruwa ba ta lissafi ba ce kaɗai a wurinmu. Akwai malaman da suke ganin sa hannu a yarjejeniyar da ke da sharaɗin ruwa matsala ce ko da mutum bai taɓa jinkiri ba, akwai masu sassauci idan ana biya a kan lokaci. Wanda abin ya dame shi ya kai takardar ga malamin da ya amince da shi, ko ya nemi katin da ke cire kuɗi daga asusu nan take.

Kada ka ciri tsabar kuɗi a GAB, wato na'urar cire kuɗi, da katin bashi. A mafi yawan irin waɗannan katunan cirewa ba ta kawo maki, akwai kamasho, kuma ruwa yana fara ƙirga daga ranar. Zuba kuɗi daga katin zuwa asusun waya ma sau da yawa haka ake lissafa shi. Biya da kati a kanti kuwa, a cikin ƙasashen UEMOA, yana cikin ayyukan da BCEAO, babban bankin yankin, ta ce a yi wa abokin hulɗa kyauta tun Oktoban 2014. Idan mai kanti ya ce sai ka ƙara wani abu saboda ka fito da kati, ƙarin nan ya riga ya cinye tukuicinka, gara ka biya a hannu.

A gaban TPE, ka duba adadin a allo kafin ka buga lambar sirri, sifili ɗaya yana maida jika 15 ya zama 150. Idan rezo ya yanke na'ura ta ce ba a yi ba, kada ka yarda a sake zura katin nan take. Ka jira saƙon banki a waya, ka karɓi ƴar takardar da na'ura ta fitar mai nuna an ƙi, ka ɗauki hotonta, don rubutun irin wannan takarda yana gogewa da zafi cikin ƴan makonni. Da ita za ka kai ƙara in an cire sau biyu. Lambar sirri in ka buga ba daidai ba sau uku a jere, katin ya toshe. Sayayya ta intanet tana buƙatar lambar da ake aikowa ta SMS, saboda haka in ka canza layi ka je banki a gyara. Ma'aikacin banki ba ya kira ya tambayi wannan lambar ko lambobi ukun da ke bayan kati. Duk wanda ya tambaya ɓarawo ne.

Masu tafiya su lura da kuɗin da ake cajin su da shi. Yuro a tsaye yake, sefa 655.957, don haka a Faransa kamashon banki ne kawai abin dubawa. A Saudiyya ko Dubai kuɗinsu yana bin dalar Amurka, canjin yana motsi. Idan na'ura ta ba ka zaɓi tsakanin kuɗin ƙasar da wani kuɗi, zaɓi na ƙasar, canjin da na'urar ke bayarwa ya fi tsada. Ka sanar da bankinka kafin ka tashi don kada su ga ciniki daga Makka su rufe katin.

Makin da ka tara ba kuɗi ba ne sai ka karɓe shi. Wasu bankuna suna kashe shi bayan wani wa'adi, wasu suna da iyakar da ba a wucewa a wata, kuma in ka maida kaya aka maido maka kuɗi, makin wannan sayayya yana komawa. In an ba ka zaɓi tsakanin kuɗi a asusu da kaya daga jerin kyaututtukansu, raba farashin kayan a kasuwa da yawan makin da ake nema, ka ga nawa maki ɗaya ya kama a kowane ɓangare, sannan ka ɗauki wanda ya fi.