Godiya ga duk wanda ya sa hannu har babur ɗina ya tashi

Salamu alaikum 'yan uwa na nan Gadarif da na Kasala a Sudan da duk inda saƙon nan ya same ku. Alhamdulillah Boxer ɗina ya dawo kan titi jiya bayan la'asar, shi ne nace bari in fito fili in yi godiya don wallahi bi ɗaya ɗaya ba zai yiwu ba.

Waɗanda suka san ni sun san da babur ɗin nan nake ci da iyali, da shi nake kai mutane gonakin riɗi da dawa a bayan gari, to ana tsakiyar aiki injin ya buga, fistin ya kama, konrod ya tafi. Kuma tun da yaƙin nan ya ɓarke a Afrilun 2023 kayan gyara da a da ake ɗaukowa daga Khartum sai dai a jira ta hanyar Port Sudan, kuɗin kuma kar ma a yi magana.

Kawu, kai ne farko. Kai ka tura kuɗin fistin da ringi da gaskit ban ma buɗe baki na roƙa ba, Allah ya saka da alheri ya ƙara buɗi. Yayana na Kasala da ya zaga kasuwa ya samo konrod mai kyau ya sako a mota, da masu injin gyaran ƙarfe da suka gyara bulok, na gode na gode.

Sai usta, wato babban makanike, dattijon garejinmu, Baba Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Kafin ya rufe injin sai da ya shafe fistin da ringi da kam da baƙin mai, ya juya bakin ringin kowanne ya kalli gefe daban don kar su haɗu a layi ɗaya iska ta riƙa zurarewa, ya daidaita alamar T ta magineto da ta tayimin cen sannan ya saita bawul. Wajen ɗora injin a jikin babur kuma cewa yayi a zura duka kusoshin tukuna a sake, sai kowanne ya shiga raminsa sannan a bi a ɗaure, in ka matse ɗaya tun farko sauran ba za su zauna daidai ba. Yaransa biyu ne suka tallabe injin daga ƙasa suna zufa, aka mayar da sarƙa da wayar kuloci da kafireto da salansa.

Ni a nan na ɗauka an gama, har 'yan kallo sun fara cewa a buga mana mu ji. Baba yace babu wanda zai tada shi. Ya zuba baƙin mai 20W-50, ya cire fulogi, ya buɗe murfin bawul, yasa yaro yana ta buga kik injin na juyawa ba wuta, shi kuma ya tsuguna ya ƙura ido yana jiran famfo ya turo mai har sama. Aka daɗe fa, ƙafar yaron nan har ta gaji wani ya karɓa. Sai da mai ya ɓullo ya jiƙa kam sannan ya rufe ya mayar da fulogi. Yace sabon haɗi in ya tashi a bushe, ɗan lokacin nan kafin mai ya iso ya isa ya ci ƙarfen da aka kashe wa kuɗi. Gaskiya gyaran da ake yi a gurguje ba kowa ke tsayawa wannan ba.

Da ya tashi ya ɗan yi shuɗin hayaƙi na man da aka shafa, can ya washe, sauti lafiya lau. Bai bari ya daɗe a silo, wato yana aiki a tsaye, ba tunda iska ce ke sanyaya shi, ga zafin garin nan.

Ban manta da Inna mai shayi ta bakin gareji ba da jabanar, wato gahawa, da ta riƙa aiko mana, da abokin aikina da yake ara mun babur ɗinsa da rana iyali basu kwana da yunwa ba, da uwargida da ta yi ta haƙuri da addu'a. Allah ya biya ku, ya kawo mana zaman lafiya a Sudan.

Fasinjojina kuma dan Allah a ƙara haƙuri, usta ya hana gudu da ɗaukar buhu har sai na cika kilomita 500 na yi juyen mai, don haka yanzu mutum ɗaya ne kawai kuma cikin gari, masu zuwa gona ku ɗan jira ni tukuna.